Minti Bakwai a Agogon Nas

A falwaya ta uku Mai Agogo ya saki keken.

Ba da gangan ya yi ba. Yana riƙe da sirdin ta baya, yana gudu a duƙe, jikarsa tana taka feda tana ihun kada ya sake ta, sai ƙirjinsa ya ɗaure kamar an zuge bakin jaka. Hannun ya buɗe da kansa. Keken ya ɗan yi gaba shi kaɗai, ya yi layi, ya kwanta a bakin kwalbati.

Shekarar yarinyar shida, kowa kuma Firit yake ce mata saboda ƙanƙantarta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi gwiwarta da ta kurje, ta dubi kakanta da ke dafe da falwaya.

"Ka ce ba za ka sake ni ba."

"Hannuna ne ya zame."

"Ba zamewa ba ce, Kaka. Haki kake kamar tsohon injin niƙa."

Ta karkaɗe rigarta ta wuce gida. Shi ya turo keken a baya.

Hutun makaranta ta zo yi, mako shida, bayan haka uwarta za ta zo ta ɗauke ta. Keken tsoho ne ya saya, ya yi wata guda yana gyara shi, ya yi masa jan fenti, ya sa masa ƙararrawa. Ya kuma riga ya cika baki a waya, ya ce wa 'yarsa ranar da za ta zo, a kan keke Firit za ta tarye ta. Yanzu ga keken jingine a bayan ƙofa, mai shi ko kallonsa ba ta yi.

Da yamma ya je biko da biskit. Ta karɓi biskit ɗin, ta cinye, sannan ta faɗi sharaɗinta.

"Ba zan ƙara hawa ba sai na gan ka da idona ka je tanki da gudu ka dawo, ba ka tsaya ba."

Tankin ruwan yana can ƙarshen layinsu, falwaya goma sha huɗu daga ƙofar gida. Mai Agogo yana da shekara sittin da ɗaya. Talatin da biyar daga ciki a kan kujera guda ya yi su, gilashi maƙale a ido ɗaya, hantsaki a hannu.

"Shi ke nan?" in ji shi. "Wannan ai wasan yara ne."

Matarsa tana gefe tana guga. Malamar lissafi ce da ta yi ritaya, shi ma Malama yake kiranta. Ba ta ɗago ba.

"Na ji, na shaida," in ji ta.

Washegari da sassafe Malama ta fito masa da tsofaffin takalman kambas ɗin ɗansu, da wani wandon motsa jiki da ya tsaya masa a ƙwauri. Firit ta zauna a dakalin ƙofa da kofin shayinta, alƙali ke nan. Mai Agogo ya dubi agogon da ke hannunsa ya tashi.

Shi dai ba shi da agogon kansa. Bai taɓa buƙata ba. Ƙa'idarsa ce tun yana saurayi: duk agogon da ya gyara sai ya kwana a hannunsa, ya yi yawo da shi, da safe ya gwada shi da babban agogon bangon shago, sannan ya ba mai shi. Don haka kullum da agogon wani yake tashi. Ran nan na wani direba ne.

A falwaya ta biyu mai askin da shagonsa ke jikin nasa ya fito da tsintsiya.

"Lafiya, Mai Agogo? Wa ya biyo ka? In kira jama'a?"

Bai sami numfashin amsawa ba. Ya tsaya a ta huɗu, ya tsaya a ta bakwai, ya rungumi ta goma kamar ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba. Da ya dawo gida, Firit ta ɗaga yatsu biyar.

"Sau biyar ka tsaya."

Ya shiga shago, ya sami ranar a kalanda, ya rubuta da fensir: minti 14.

Kwana na biyu cinyoyinsa suka ƙi shi. Zama sai da dabara, tashi sai da salati. Kwana na uku ya leƙa taga ya ce hadari ne ke haɗowa, ga shi sama fes kamar an wanke ta. Malama ba ta yi gardama ba. Shekara talatin ta yi tana jin uzurin waɗanda ba su yi aikin gida ba. Ta dai ɗauki kambas ɗin ta ɗora a kan kujerarsa ta aiki, yadda ba zai zauna ba sai ya taɓa su. Tunda kuwa ya taɓa, ga Firit a ƙofa tana kaɗa ƙafa, sai ya sa.

Haka aka yi ta yi. Wata rana ya fita da zuciya, wata rana kunya ce ta fitar da shi. Ya koyi cewa falwaya ta shida ta fi kowacce mugunta, domin daga nan layin ke ɗan yin tudu, abin da bai taɓa lura da shi ba a shekara ashirin na zama a wurin. Ya koyi kada ya sha shayi kafin ya fita. Ya san ƙofar da ake watso ruwan wanke-wanke daga cikinta ba sallama. Wata tsohuwa mai sayar da burodi a kusa da tanki ta fara yi masa tafi. Lambobin kalanda suka fara sauka: sha uku, sha biyu da rabi, sha biyu, sha ɗaya. Yatsun Firit ma suka ragu zuwa uku, sannan biyu.

Ranar Talatar mako na uku, agogon wata nas ne a hannunsa. Tsohon agogo ne irin na murɗawa, na mahaifinta, tana son shi don allurar sakan ɗinsa doguwa ce, da ita take ƙirga bugun zuciyar marasa lafiya. Ya wanke shi, ya sa masa mai, ya kwana da shi.

Safiyar ta yi masa daɗi. Ƙafa ta saki, numfashi ya zauna. Sau ɗaya tak ya tsaya, a falwaya ta biyar a hanyar dawowa. Da ya taɓa ƙofar gida ya dubi hannunsa, ya sake dubawa, ya kai agogon kunne. Yana bugawa lafiya lau.

"Malama! Malama! Fito ki gani!"

Ta fito da ludayi a hannu.

"Minti bakwai!"

"Jiya nawa ne?"

"Goma da rabi."

"Daga goma da rabi zuwa bakwai a dare ɗaya? Me ka ci da ban ci ba?"

"Ke dai ba kya son ki ga ɗalibi ya yi fice."

"Ɗalibin da ya yi irin wannan ficen, aljihunsa nake fara cajewa."

"Sau ɗaya ka tsaya," in ji Firit, ta ɗaga yatsa. "Saura ɗaya."

Ko jin ta bai yi ba. Ya rubuta 7 a kalanda, ya zagaye shi da jan biro sau biyu. Yana tsakiyar ba mai aski labari, har da kwatanta yadda ya sha kwanar tanki, sai ga nas ta iso cikin sauri za ta wuce aiki. Ya kwance agogon daga hannunsa, ya murɗa shi, yatsunsa suka saita shi da na bango kamar yadda suka saba, bakinsa kuwa yana kan labari. Ya miƙa mata, ta yi godiya ta tafi.

"Bakwai fa," ya ce wa mai aski. "A shekaruna."

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji mai aski. "Sai mu fara nema maka gasa."

Kafin azahar rabin layin ya ji.

Washegari ya fita da niyyar yin shida da rabi. Ya ɗiba da ƙarfi tun daga ƙofa kamar wanda gobara ta kora. A falwaya ta shida wuta ta ɗauke masa, numfashi ya ƙare. Ya tsaya, ya sake ɗiba, ya sake tsayawa. Agogon wani malamin makaranta da ke hannunsa ya ce minti goma da sakan ashirin. Firit ta ɗaga yatsu uku.

Ya ce barci ne bai ishe shi ba. Kashegari ya ce kambas ɗin ne suka matse shi. Ran nan kuma iska. Kullum yana ƙara wuta a farko don ya kamo bakwai ɗinsa, kullum yana mutuwa a tudun nan. Goma da sha biyar. Goma. Tara da hamsin. Ya riƙa rubuta su ƙanana a ƙarƙashin jan da'irar, kamar yana jin kunyarsu. Mai aski kuwa ya sami abin yi, da ya hango shi sai ya ɗaga tsintsiya.

"Sai Mai Bakwai! Yau nawa aka samu?"

"Aske kanka," in ji Mai Agogo, ranar da ya sami numfashi.

Malama ta tsaya gaban kalandar wata safiya, ta gyara tabarau.

"Wannan bakwai ɗin baƙuwa ce a cikin 'yan'uwanta. Cire ta ka ga sauran."

"Da idona na gani."

"To."

"Shekara talatin da biyar ina karanta agogo, yau za a koya mini?"

"Na ce to."

Ranar Litinin ta mako na biyar bai fita ba. Ya ɗauke kambas ɗin daga kan kujera ya tura su ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ya ce wa Malama jiki ya riga ya yi iyakarsa ran Talatar nan, abin da ya rage gangara ce, kuma mai hankali shi ke sanin lokacin sauka. Firit ta zauna a dakali har shayinta ya huce. Ba ta tambaye shi komai ba. Washegari ma ta zauna. A rana ta uku ta daina fitowa, ta koma wasa da murafen kwalba a tsakar gida.

Wannan ya fi zagin mai aski ciwo. Ya gwada wata hanyar.

"Firit, in na samo miki wani mai ƙarfi ya riƙe keken fa? Ɗan mai aski dogo ne."

"Ba shi ya yi mini alkawari ba."

Ta ci gaba da jera murafenta. Da yamma 'yarsa ta bugo waya, ta ce ranar Asabar ta makon gobe tana tafe, ta tambayi labarin keke. Ya ce layin ba ya da kyau, ba ya jin ta sosai.

Kwana shida ya yi bai sa kambas ba. A rana ta bakwai, saura kwana shida 'yarsa ta zo, nas ta shigo shagon ta ajiye agogonta a kan gilashi.

"Baba, aikinka ya dawo."

A shekara talatin da biyar ba a cika faɗa masa wannan ba. Ya gyara zama.

"Me ya yi?"

"In ina zaune lafiya lau yake. Amma da na yi sauri, ko na sauko matakala da gudu, sai ya tsaya cak. Can in na natsu sai ya ci gaba abinsa kamar ba shi ba. Jiya na kusa rubuta wa wani bawan Allah bugun zuciyar da ko doki bai da shi."

Mai Agogo ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe bayan agogon. Bai daɗe yana nema ba. Wani sukuru ne da bai fi ƙwayar yashi ba ya kwance yana yawo a ciki. Ya girgiza agogon, sukurun ya gangara ya maƙale tsakanin haƙoran injin agogon, allurar sakan ta tsaya. Ya kwantar da shi a hankali, sukurun ya fita, allura ta ci gaba.

Ya girgiza, ta tsaya. Ya ajiye, ta tafi.

Ya cire gilashin daga idonsa ya juya ya dubi kalanda. Jan da'irar tana nan tana kallonsa.

"Baba, lafiya?"

Dariya ce ta kubce masa, irin wadda ke fitowa ta hanci kafin baki ya yarda. Ya yi ta yi har ya dafe tebur. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya bar wani da rabin kai.

"Me ya samu?"

"Ban taɓa yin bakwai ba."

"Kamar yaya?"

"Ina gudu, agogon yana hutawa. Mako biyu ina tsere da sukuru."

Mai aski ya koma shagonsa yana riƙe da ciki. Ta bango ana jin sa yana ba mai rabin kai labari.

Mai Agogo ya ɗaure sukurun, ya ba nas haƙuri, ya ce ta bar shi ya kwana, wannan karon zai gwada shi yadda ya kamata. Da ta fita ya sa babban yatsa ya rufe jan da'irar. Sha huɗu, sha uku, sha biyu, sha ɗaya, goma da rabi, goma, tara da hamsin. Ko sau ɗaya ba su hau ba. Duk kwanakin da yake cewa ya lalace, sauka suke yi, duk da haukan da yake yi a farkon layi.

Malama tana tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da gida, da alama ta daɗe a wurin.

"Faɗi abin da za ki faɗa," in ji shi.

"Ni? Ban ce komai ba." Ta juya, sannan ta waiwayo. "Yarinyar nan ma ba ta taɓa tambayar ka minti ba. Tsayawa ta ce kada ka yi. Kai ne ka ƙara wa kanka tambayar da ba ta cikin jarrabawa."

Ya sunkuya ya jawo kambas daga ƙarƙashin tebur.

Da safe ya ƙwanƙwasa wa Firit.

"Alƙali, a fito aiki."

Ta fito tana murza ido, ta dube shi sama da ƙasa, ta je ta ɗauko kofinta.

Ya tafi a hankali, a hankalin da har mai burodi ta tambaye shi ko ciwo ya ji. Kwana bakwai na zama sun karɓi nasu: ya tsaya sau biyu. Washegari sau ɗaya. Ranar Alhamis ya kwance agogon da ke hannunsa ya ba Malama ta riƙe, ya fita hannu sake. Ya wuce ta shida yana ƙirga numfashi. Ya zagaya tanki. A hanyar dawowa falwaya ta biyar ta kira shi da sunansa, ya ƙi kallon ta. Ƙafafun sun yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo, amma ba su daina ba. Ta uku, ta biyu. Ya taɓa ƙofa.

Firit ta ɗaga hannu a dunƙule, ba yatsa ko ɗaya.

"Kamar kunkuru," in ji ta. "Amma ba ka tsaya ba."

Ta shige ciki. Ya ji ƙarar ƙararrawa, sai ga ta tana turo keken.

"Yanzu? Bari in sha ruwa mana, 'yar nan."

"Gobe. Yau goge shi zan yi."

Ranar Juma'a da safe ya kama sirdin ta baya. Malama ta fito ƙofa, mai aski ya jingina tsintsiyarsa.

"Kada ka sake ni."

"Sai tanki."

"Ka rantse."

"Taka feda, sarkin surutu."

Gudu a duƙe daban yake da gudu a miƙe, bayansa ya gaya masa haka tun a falwaya ta biyu. Suka wuce ta uku, inda kwalbatin yake, ba wanda ya dube shi. Keken yana layi, yana gyara shi. Wajen ta takwas layin ya ragu. Wajen ta goma ya ji sirdin ya daina neman hannunsa, ita ke tafiyar da abinta, shi bin ta kawai yake yi. Ya san a nan ake sakin yaro ba tare da ya sani ba, haka aka yi masa, haka ya yi wa uwarta. Bai saki ba. Tanki aka ce.

Suka isa. Ta sa ƙafa a ƙasa, ta juyo da keken, fuskarta duk haƙora. Shi yana duƙe, hannu a gwiwa.

"Kaka."

"Na'am."

"In za mu koma kada ka riƙe. Ja na baya kake yi."

"Ni ke jan ki baya?"

"Nauyi gare ka. Ka dai biyo ni kusa."

Ta taka. Keken ya yi layi sau ɗaya, sannan ya miƙe. Ya bi ta a guje hannu biyu a buɗe kamar mai korar kaji, tana buga ƙararrawa tana ƙara nisa. Kafin ya kai ta bakwai ta riga ta isa gida, ta yi birki da takalmi a gaban kakarta.

Ya ƙaraso a nasa lokacin. Mai aski ya tare shi.

"Mai Bakwai! Yau nawa?"

Ya ɗaga masa hannun da ba agogo, ya zube a dakali. Malama ta miƙo masa ruwa.

"Gobe in Mama ta zo," in ji Firit, "a tanki zan tarye ta. Kai ma za ka zo."

"A ƙafa zan tako, kamar mutum mai daraja."

"Da gudu. In na faɗi fa?"

Ya dubi Malama ko za ta cece shi. Ta karɓi kofinta.

"Cire kambas ɗin ka shanya su," in ji ta. "Kada su yi wari kafin gobe."